Yaro na zuwa lakwal, to yana koyo?

(Kiɗan buɗe shiri)

Mutanen Yamai da kewaye, na Lazare da Bukoki, na Talaje da Gamkale, na Yantala, da ku na Harobanda a ƙetaren kogi, barkanmu da wannan lokaci. Iyaye maza da mata, malamai, daraktocin makarantu, har da ku ƴan lakwal da kuka kasa kunne kusa da rediyon baba, zancen yau ya shafe ku duka.

Kowace safiya ana tada yaro, a yi masa wanka, a ba shi ɗan kuɗin kalaci, ya rataya jaka ya kama hanya. Shekara 6 yana wannan kai da kawowa, daga CI har CM2. To ta yaya uwa ko uba za su san cewa zuwan nan yana da amfani? Wa ke duba aikin malami? Shi kuma darakta, wa ke duba nasa?

Ma'aunin da yawancinmu muka sani ɗaya ne, sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara. Da an kafa sunaye, gida ya ɗauki guɗa ko ya yi tsit. Makarantu masu zaman kansu kuma su rataya ƙyalle a bakin ƙofa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kashi 95 ko 100 cikin 100 na ɗalibansu sun ci. Iyaye su gani, su ce lallai nan ne wurin karatu. Amma ƙyallen nan ba ya faɗin yara nawa suka shiga ajin farko na kwaleji shekara 4 baya, balle nawa aka sallama a hanya. Akwai makarantar da in ta ga yaro ba shi da ƙarfi, sai ta ce ya maimaita aji, ko ya je ya rubuta sunansa da kansa a zaman ɗan takara mai zaman kansa, don kada ya ɓata mata lissafi. Ƙyallen kuma ba ya faɗin cewa da yawa cikin waɗanda suka ci suna da malamin gida da ake biya duk wata. Wani lokaci aljihun uba ake yabo da sunan makaranta.

Ko da lissafin gaskiya ne, yana zuwa a makare. A 2021, cikin yara 5 da suka zauna jarrabawar BEPC a ƙasar nan, kusan ɗaya ne kacal ya ci. A bakaloriya ma waɗanda suka ci ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Yaron da ya faɗi BEPC ya riga ya yi shekara 10 a makaranta. Ciwon da ya kada shi galibi tun CP ko CE1 ya kama shi, lokacin da ya kasa haɗa baƙi da wasali aka ce ya wuce gaba.

Shi ya sa aka fito da wani irin awo dabam. Akwai ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci, CONFEMEN, mai mazauni a Dakar. Tun 1991 take da wani shiri mai suna PASEC, aikinsa auna abin da yara suka iya. Masu wannan aiki ba sa cewa makaranta ta zaɓo musu gwanayenta. Su ke canko makarantu da yara, birni da ƙauye, su ba su gwaji iri ɗaya na karatu da lissafi, a CP da kuma CM2. A 2014 an yi gwajin a ƙasashe 10, cikinsu har da Benin, Burkina Faso, Cadi, Senegal da Burundi. Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yara 100 da suka kai CM2, waɗanda suka cimma matakin da ake nema a karatu ba su cika 10 ba. Lissafi ma haka. Matakin nan kuwa ba wani tsauni ba ne: yaro ya karanta ɗan gajeren rubutu, ya gane abin da aka ce, ya haɗa wannan jimla da waccan ya fito da amsa.

Da aka sake a 2019, da ƙasashe 14, an motsa. Kusan 30 cikin 100 sun kai matakin a karatu, a lissafi kuma an ɗan haura 20. Waɗanda suka yi wannan aiki sun cancanci yabo, a faɗa. Sai dai ku juya lissafin ta ɗaya gefen: yara 7 cikin 10 suna gama firamare ba su iya karanta shafi su gane shi yadda ya kamata.

Tsakanin waɗannan gwaje-gwaje biyu ne aka yi abin da malamai da yawa ba su manta ba har yau, wato jarrabawar ƴan kwantaragi ta 2017. Kafin mu kai gare ta, bari mu ɗan koma baya, don matasa su san inda aka faro.

A ƙarshen shekarun 1990 yara na ƙaruwa, baitulmali ba kuɗi, ɗaukar malami a aikin gwamnati na dindindin ya yi tsada. A 1998, shekarar da aka kafa dokar tsarin ilimi da ake kira LOSEN, aka fara ɗaukar matasa masu sa kai a saka su a aji. Daga baya, a ƙarƙashin shirin ilimi na shekara 10 da ya fara a 2003, suka zama ƴan kwantaragi, ana ba su ɗan alawus da bai kai albashin ma'aikaci ba. Dabarar ta buɗe ƙofa ƙwarai. A shekara ta 2000, kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran ƙasar nan ne ke firamare. Bayan shekara 10 an haura kashi 70 cikin 100. Amma an biya farashi. Aka wayi gari kusan malamai 8 cikin 10 na firamare ƴan kwantaragi ne, da yawansu kuma an miƙa musu alli ba tare da sun zauna a makarantar horon malamai ba.

A farkon 2017, ministan ilimin firamare na lokacin, Daouda Mamadou Marthé, ya sa aka gwada malamai sama da dubu 3. Waɗanda suka samu 10 bisa 20 ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sai ya ce kowa zai zauna. A watan Yuli na shekarar aka tara malaman kwantaragi sama da dubu 50 a faɗin ƙasa, aka ba su tambayoyin Faransanci da lissafi irin na azuzuwan da suke koyarwa. Ƙungiyoyin malamai, irin su SYNACEB da gamayyar CAUSE-Niger, suka ce ba su yarda ba, suka yi kiran a ƙaurace. Hujjarsu ita ce, malami a cikin aji ake auna shi, gaban ɗalibansa, sufeto na zaune yana kallo, ba a kan benci da takarda kamar ɗan CM2 ba. An yi ta ja-in-ja. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu 10 ko fiye. Waɗanda suka faɗo ƙasa ƙwarai aka soke kwantaraginsu, na tsakiya kuma aka tura su horo.

Ni dai a ganina, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi kallon ɗaya rabin. Minista ya yi daidai da ya ce wanda bai iya raba 84 gida 4 ba, ba zai koya wa ɗan wani rabawa ba. Wannan ba cin mutunci ba ne, haƙƙin yaro ne. Su ma ƙungiyoyi sun yi daidai da suka ce takardar yini ɗaya ba ta nuna wa ya iya riƙe aji mai yara 80 da rana tsaka a watan Afrilu. Akwai mai 16 bisa 20 da ba ya zuwa aiki ranar Litinin. Akwai mai 9 bisa 20 da ya san sunan kowane yaro, ya san wanda bai karya kumallo ba, ya kuma dage har sai na bencin baya ya karanta. Na farkon jarrabawa ta wanke shi, na biyun ta tura shi horo, kuma horon zai amfane shi. Amma yaran na farkon fa, wa ya waiwaye su? Sannan tambayar da ba a cika yi ba: wa ya ɗauki waɗannan malamai tun farko? Wa ya sa hannu? Ba su suka kai kansu aji ba.

Tela a jikin riga ake gane shi, ba a takardar da ya rataya a shago ba. Amma wanda ya kawo yadin da bai kai ba, ya kuma kawo shi daren sallah, shi ma yana da hannu in rigar ta ɗame. Riga a nan ita ce abin da yaro ya iya. Yadi kuwa shi ne lokaci da littafi da wurin zama.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake auna aikin malami da na shugaban makaranta. Bari mu shiga cikin ajin kansa.

Abin farko da mai hankali zai ƙirga shi ne kwanakin da aka yi karatu da gaske. A takarda, ana komawa makaranta a farkon Oktoba. To ku leƙa makarantun bakin gari inda azuzuwan zana ne. Sai an jira kara da zana sun samu, an tara kuɗi, an kafa rumfa, wani wuri har Nuwamba ta yi nisa. Da iskar farkon damina ta taso a watan Mayu ko Yuni, rumfa ta kwanta, shekara ta ƙare. Mutanen Yamai ba sa buƙatar a faɗa musu haɗarin waɗannan rumfuna. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas, yara aƙalla 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ƴan rainon makaranta. A watan Nuwamba na wannan shekara irin haka ta faru a Maraɗi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. A 2024 kuma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutanen da ruwa ya kora ke kwana ciki. Ku ɗora yajin aikin malamai, da na ɗalibai, da kwanakin da malami ke yi yana bin alawus ɗinsa in ya makara, da suna da biki da gaisuwar mutuwa. Sannan ku ɗora minti 20 da ake ɓatawa kowace safiya kafin a fara, da hutun tsakiya da ake ja ya ninka. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake rubutawa a takardar sakamakon yaro, amma su ke cinye shekara.

Da an shiga aji kuma, a saurara: muryar wa ake ji? Da yawa cikinmu mun taso da jin cewa aji mai kyau shi ne wanda in ka wuce ta taga za ka ji yara na amsawa baki ɗaya, murya har titi. Madam ta nuna allo da sanda, yara 70 su rera. Daɗin ji gare shi, amma yana rufe asiri. Yara 10 na gaba ne ke karantawa, sauran leɓe suke bi. Ka ɗauki yarinya ɗaya daga bencin ƙarshe, ka rubuta mata kalmar da ba ta kan allo, sai ka ga ta sunkuyar da kai. Malamin da ya san aikinsa yana yawo tsakanin bencina, yana kiran suna ɗaya ɗaya, yana cewa a ɗaga ƙananan alluna sama ya ga amsar kowa, kuma in ya ga rabin aji sun kuskure ba ya cewa manhaja na jira. Tsayawa yake ya sake. A buɗe littafin aikin yaro ma a gani: yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi? In ya taɓa, maki kawai aka sa, ko an nuna masa inda ya ɓata?

Sai zancen harshe, wanda duk mai auna malami ya tsallake shi bai yi adalci ba. Yaron Gamkale ko na Bukoki ya zo CI da Zabarmanci ko Hausa a bakinsa, wani ma da biyun, sai a fara koya masa karatu da Faransanci, harshen da bai taɓa yin mafarki da shi ba. Aiki biyu ne a lokaci guda, koyon harshe da koyon karatu. A gwajin PASEC na 2014, ƙasar da ta yi zarra a ƙananan azuzuwa ita ce Burundi, inda kusan yara 8 cikin 10 suka kai matakin da ake nema a harshe. Burundi ba ta fi mu kuɗi ba. Da Kirundi, harshen gida, take fara koyar da yaranta. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak. Shi kuwa Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a ba harsunanmu wuri a makaranta. Saboda haka in ka ji mushe ya juya ya yi wa yaro bayani da Hausa ko Zabarmanci don ya gane, kada ka ce ya gaza.

To wa aka ɗora wa wannan dubawa? A tsari, akwai sufeto, akwai mai ba malamai shawara da muke ce wa kwansaye, kuma babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Abdou Moumouni ce ke horar da su. Mutane ne da suka san aiki. Amma kwansaye ɗaya na iya samun malamai masu ɗimbin yawa a wuyansa, babur ba mai, hanya ba kyau. In ziyara ta zama sau ɗaya a shekara, kuma an san ranar, to kowa ya san abin da ke faruwa. A share fili, a cika takardun shirin darasi da suka kwana biyu ba a taɓa ba, a zaɓi darasin da aka riga aka yi jiya, yara su ɗaga hannu kamar an dasa su. Sufeto ya sa maki, a sha ruwa, a rabu lafiya. Maki ya shiga fayil, aji ya koma yadda yake.

Akwai kuma taron malamai na CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa, ɗaya ya koyar sauran su kalla, bayan nan a zauna a warware darasin. Dabara ce mai kyau. Rauninta shi ne in aka saba da kuɗin zama, ranar da kuɗi bai zo ba taro ya mutu. Alhali ƙaramin irinsa, a cikin makaranta guda, tsakanin malamai 6 ko 10, ko dala ba ya ci. Mutum ɗaya yake buƙata wanda zai ce ranar kaza za mu zauna.

Wannan mutum shi ne darakta, kuma a nan nake so mu daɗe. Sufeto baƙo ne, minista na ofis, PASEC sai bayan shekaru. Darakta ne kaɗai yake nan kullum. Shi ya san malamar da ke zuwa ƙarfe 8 da rabi, ya san ajin da aka bar wa babban ɗalibi da bulala. Amma mu duba da me ake auna shi. Rahoton buɗe shekara, rahoton rufe shekara, yara nawa maza nawa mata, benci nawa ya karye, takarda ta iso kan lokaci ko ba ta iso ba. Darakta na iya cika waɗannan duka tsaf, a yabe shi, alhali bai zauna a ajin kowa ya kalli darasi ba tun Oktoba. Galibi kuma ana naɗa mutum ne don ya daɗe a aiki, wani lokaci don ya san wani, ba tare da an koya masa shugabanci ba. Jiya abokin hira ne a inuwar bedi, yau an ce shi zai rubuta wanda bai zo ba. Ga zumunci, ga kunya, ga malamar da kowa ya san ko matar wane ce. Abin da wuya, kada mu raina.

Amma in ya yi shiru, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Kafin jarrabawar 2017, hukumar yaƙi da cin hanci ta lokacin, HALCIA, ta bankaɗo sunayen malaman kwantaragi na bogi, ana fitar da kuɗi da sunansu alhali babu su a kowane aji. Irin wannan ba ya yiwuwa sai idanu da yawa sun kau da kai. Haka nan kowa ya san yadda wasu makarantun birni ke da malamai fiye da azuzuwa, wasu na zaune a inuwa, a ƙauye kuma mutum ɗaya na fama da aji uku. Wannan ba laifin alli ba ne, aikin masu rabon malamai ne, kuma su ma ya kamata a ɗora su a sikeli.

Daraktan kirki ba ya ɓuya. Ka zo ƙarfe 8 saura ka same shi a bakin ƙofa. Ka tambaye shi yara nawa ne a CE1 ba su iya karanta jimla ba, ya ba ka adadi, ko ya jawo littafi ya nuna maka sunaye. Wanda ya ce maka ai alhamdu lillahi duk suna ƙoƙari, bai ƙirga ba. Malaminsa mafi ƙwarewa a CI ko CP yake sa shi, inda ake aza tushe, ba ya tara gwanaye a CM2 don neman suna ranar sakamako ya bar ƙanana da sabon shiga. In malama ta haihu, ya san yadda zai yi da ajinta tun kafin ranar suna. Littattafan da aka kawo suna hannun yara, sun yi datti sun yage, ba suna cikin kwali a ofis da ledarsu ba don tsoron kada a ce sun ɓace. Kuɗin da iyaye suka tara kuma a rubuce yake, ana karanta shi a gaban taro. Sannan in ya kalli darasin malami ya ga gyara, su biyu suke zama, ba a gaban yara ba.

(Gajeren kiɗa)

Iyaye, kada ku ce wannan duk aikin ƴan boko ne. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da ita, wanda muka saba kira COGES, daga baya aka mai da sunan CGDES, ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta iyaye mata. A 2004, a jihar Tawa, wani shiri mai suna Makaranta Don Kowa, da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya gwada wani abu mai sauƙi: a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, maimakon a nuna mai gari ko mai kuɗin unguwa a yi tafi. Sai kwamiti ya zauna da jama'a a tsara aikin shekara, a ƙarshe a dawo a ba da lissafi. Abin ya yi kyau har aka bazu da shi ƙasa baki ɗaya. Da farko ƙarfin ya tafi wajen kafa rumfa da gyaran benci. Daga baya aka ƙara wani mataki: a yi wa yara ɗan gwajin karatu da lissafi, a kira taron iyaye a faɗa musu sakamakon ƙarara, sannan a shirya darussan ƙari bayan an tashi, a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba. Wannan dabara ta raba yara ta samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take bin gida gida da takarda guda: baƙaƙe a sama, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Inda yaro ya tsaya, nan matakinsa yake. Minti kaɗan ya isa.

Inna, ko ba ki taɓa shiga lakwal ba, kina iya yin irin naki. Miƙa wa ɗanki na CE2 takardar kuɗin wuta, ko kwalin magani, ko saƙon da ya shigo salula, ki ce ya karanta. Da ya gama, ki ce to faɗa mini da Hausa, ko da Zabarmanci, me aka ce. Nan ake rabuwa tsakanin mai karatu da mai rerawa. Ki aike shi da jika ɗaya ya sayo abin dala 130, ki tambaye shi canjin tun kafin ya fita. In kin ga da gyara, kada ki fara da duka, kada kuma ki tafi makaranta da faɗa. Je ki gaida madam, ki ce ga abin da na gani, me za mu yi, ni da ke? Malamai da yawa shekara na ƙarewa ba su ga fuskar uwa ko uba ba sai ranar da aka bugi yaro. Baba, kai ma da naka: yarinyar da ta kwana tana talla, ko ta yi jigilar ruwa har ƙarfe 9, ko malamin duniya aka ba ta barci za ta yi.

Hattara ɗaya game da awo. Kada a ɗauki makarantar da ke tsakiyar gari, mai ginin siminti da fanka, wadda iyayen yaranta ma'aikata ne, a jera ta da ta rumfar bakin gari, a ce wannan darakta ya fi wancan. Adalci shi ne a gwada yaran aji a watan Oktoba, a sake gwada su a watan Mayu, a ga tazarar da malami ya ja su. Wanda ya karɓi yara 60, 5 kacal ke haɗa baƙi, ya miƙa su 35 na karanta jimla, ya yi aikin da ya fi na wanda ya karɓi gwanaye ya mai da gwanaye. Kuma duk awon da aka ɗaura wa hukunci ko kora kaɗai, ƙarshensa a koyi yi masa dabara. An soke jarrabawar satifika ta ƙarshen firamare kusan shekara 10, aka maido da ita a 2024. Tana iya zaburar da malamai da iyaye. Tana kuma iya mai da CM2 wurin haddar tsofaffin tambayoyi, in daraktoci suka ga da ita kaɗai ake yi musu hisabi.

Ku da ke cikin kwamitin makaranta, a zamanku na gaba, bayan an gama zancen kuɗin zana da na mai gadi, ku nemi darakta ya kawo adadin kwanakin da kowane aji ya yi karatu tun buɗe shekara, da adadin yaran CP da CE1 da ke karanta jimla su kaɗai. In bai da su a hannu, ku sa rana tare, ku ba shi mako biyu, malamai su taya shi. Ku kuma tambaye shi abin da ya nema daga sama bai samu ba, ku rubuta, shugaban kwamiti ya raka shi ofishin sufeto da takardar.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu leƙa makarantun faranko-arab da na allo a nan Yamai, mu ji yadda su suke gane ɗalibi ya iya kafin a wanke masa allo ya ci gaba.

(Kiɗan rufe shiri)